Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Goɗiyar da ta ƙi kwanciya

A makon jiya mun tsaya a inda Kawu ya danƙa mini kula da barga, ina ɗan shekara 14, bayan ya tabbatar ba ni da wani amfani a bakin kuyya. Yau ga waɗanda na tarar a cikinta.

Dawakai uku ne. Akwai Akawal, baƙin ingarma mai cika gida da haniniya, amma ko leda iska ta kaɗo sai ya zabura kamar zai tumɓuke turke. Akwai dukushi ɗan wata 7 da ba shi da sana'a sai cizon rigar mutane. Sai uwarsa Kili, farar goɗiya da Kawu ya ce ta haura shekara 15, har ya buɗe bakinta ya nuna mini yadda haƙoran suka yi tsawo suka karkato gaba. Ita ce mai gidan. Ba ta faɗa, ba ta hayaniya. In na cika komi da ruwa, kunne kawai za ta kwantar baya, sai Akawal da duk girmansa ya ja gefe ya jira ta gama.

Kwanana huɗu ta harbe ni a cinya. Na lallaɓo ne ta bayanta da tsintsiya ban ce uffan ba. Kawu bai ko ce sannu ba.

"Kai yaro, idonta a gefe yake. Tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita, ban da daidai bayan wutsiyarta da daidai gaban goshinta. Ka shigo ta inda ba ta gani, me kake so ta ɗauke ka, in ba kura ba? Yi mata magana kafin ka taɓa ta."

Tun daga ranar nake shiga barga ina surutu kamar taɓaɓɓe.

Aikin doki ci ne, kuma cin nasa ba ya ƙarewa. Tumbinsa ƙarami ne in aka dubi jikinsa, bai fi ya ɗauki lita 8 zuwa 15 ba, shi ya sa in aka sake shi a makiyaya yakan kai awa 16 yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. Ba ya kuma iya amai, abin da ya shiga ya shiga, don haka Kawu ya fi tsoron ciwon ciki a kan kowace cuta. Ba a zuba dusa da yawa lokaci guda, ba a ba shi harawar da ta yi fumfuna. Ruwa kuwa kowannensu na shan lita 20 zuwa 40 a yini, kuma wuyana ne ya san lissafin. Shanu sun fi sauƙin sha'ani. Su cika ciki da sauri, su nemi inuwa su kwanta su yi ta tuƙa, ido a lumshe. Akwai kuma wata jar akuya da ta koyi zare sakata da leɓe, amma ita labarinta sai an ware masa rana.

Wanda ban taɓa sa wa a lissafi ba shi ne jakin. Tsoho ne tukuf, kunne ɗaya a karye, ba ruwansa da kowa. Duk inda Kili take yana nan gefenta, taku uku ko huɗu, yana kaɗa wutsiya. Na ɗauka ragowar ciyawarta yake jira.

Da kaka ta yi, wani maƙwabci ya are shi don ɗaukar amfanin gona. Wajen kwana 12 da tafiyarsa na fara ganin ƙujewa a gwiwoyin Kili na gaba da kuma saman kofato. Na wanke, na shafa magani. Washegari ga sabo a kan tsoho. Kawu ya duba, ya dube ni.

"Hawanta kake yi da dare?"

"Wallahi Kawu ban taɓa ba."

"To aljanu ne ke sukuwa da ita?"

Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai. Har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare ni a maƙogwaro, don a lokacin ko sirdi ban iya ɗaurawa ba. Daren nan na ɗauki tabarma da tocila na kwana a ƙofar barga, da niyyar kama ɓarawon da ke ja mini zargi.

Dare ya raba, ba motsin kowa. Dukushi ya miƙe warwas a kan ciyawa yana barci. Akawal na can bayan katanga a nasa turken. Kili na tsaye a kan ɗanta, ta sassauta ƙafar baya ɗaya, leɓenta na ƙasa ya saki. Sai kanta ya fara sauka a hankali, a hankali, har hanci ya kusa taɓa ƙasa. Kawai sai gwiwoyin gaba suka lanƙwashe, ta dungura, ta yi firgigit ta miƙe tana huci, kunnuwa na juyawa ko'ina. Kafin asuba sau uku ta yi haka.

Da na faɗa wa Kawu, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya tambaye ni, "Yaushe rabon da ka ga ciyawa a maƙale a cikinta ko a gezarta da safe?" Na yi tunani. Tun tafiyar jakin ban sake kakkaɓe mata ba. Ashe duk kwanakin nan ba ta kai haƙarƙarinta ƙasa ba.

Sai da na girma na karanta bayanin abin da na gani. Barcin doki bai fi awa 3 a yini ba, kuma mafi yawansa a tsaye ne, domin jijiyoyin ƙafarsa na kulle gaɓoɓi su riƙe shi ba tare da ya gaji ba. Amma akwai barci mai nauyi, wanda ake mafarki a cikinsa, da jiki ke saki gaba ɗaya. Wannan dole sai a kwance, kamar minti 30 kullum. Doki kuwa dabba ne da ake farauta, ba ya yarda ya kwanta sai hankalinsa ya kwanta, shi ya sa a cikin garke za ka ga wasu a kwance, wani a tsaye yana gadi. Idan ya daɗe bai samu ba, barcin kan fizge shi a tsaye ya kayar da shi. Kili na gadin ɗanta, ita kuma mai gadinta an ba da aronsa.

Da hantsi Kawu ya aike ni in karɓo jakin, ko maƙwabci ya gama ko bai gama ba. Tun muna nesa Kili ta ɗaga kai ta yi wata 'yar ƙaramar haniniya ta cikin hanci, irin wadda take yi wa dukushi. Shi ko gogan bai nuna ya san ana yi ba. Ya ratse ya yi birgima a toka, ya tashi ya girgije, sannan ya taka ya tsaya a inda ya saba.

Ba a kai ga dare ba. Da yamma na shigo da bokiti na same ta shame-shame a ƙasa, wuya a miƙe, ƙafafu na ɗan motsi. Na yar da bokitin na ruga ina ihu Kili ta mutu. Kawu ya zo ya leƙa, ya kama ni a ƙeya ya ja ni baya.

"Rufe mana baki, mafarki take yi."

Bai ba ni haƙuri a kan zargin ba, ba halinsa ba ne. Amma bayan kwana biyu ya sauko da linzami daga jikin bango ya miƙo mini, ya ce in je in kamo Akawal. Yadda muka ƙare da wannan matsoracin, da yadda na rasa rabin haƙorina na gaba, sai mako mai zuwa.