Dakalin da muka zagaye dogonyaro da shi

Shekara biyu muka yi muna tara kuɗi a unguwarmu a Argungu don ƙara ajujuwa biyu a Islamiyyar yara. Da kuɗi suka haɗu, birkila ya zo da takarda ya zana mana akwati biyu: bango huɗu, ƙofa ɗaya, ƙananan tagogi can sama, kwano a kai. Ya kuma ce sai an sare dogonyaron da ke tsakar fili, don saiwarsa za ta fasa gini. Kowa ya ce to, ni na ce a dakata. Alhajin da ke shugabantar kwamiti ya dube ni ya ce, "Malam, makaranta muke ginawa ko gidan wasa?"

Na ce, "Duka biyun, ranka ya daɗe."

Ni ke shiga aji da yaran nan. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, kwano ya yi ta zubo wuta, kafin la'asar rabin aji sun yi barci. Tagar da aka kafa daidai kan babba kuwa, yaro ɗan shekara biyar da ke zaune kan tabarma ba ya ganin komai ta cikinta, iska ma ta bisa kansa take wucewa. Amma shiga gidan tarihi na Kanta da ke nan Argungu da tsakar rana ka ji sanyin ginin ƙasa. Iyayenmu sun san wannan tun kafin a kawo siminti.

Na ba 'yan kwamiti labarin Francis Kéré, mai zanen gine-gine mutumin ƙauyen Gando a Burkina Faso, wanda ya kammala wa yaran garinsu firamare a 2001. Da tubalin ƙasa ya yi ta, mutanen gari ne suka yi aikin da hannunsu. Dabararsa ita ce ya ɗaga rufin kwano sama da silin ya bar sarari, zafi ya tashi ya fice, iska mai sanyi ta shigo ta tagogi, kwanon kuma ya zarce bango ya kare shi daga ruwan sama. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Wani ɗan kwamiti ya ce mu ba kyauta muke nema ba. Gaskiyarsa.

Kuɗinmu bai kai tubali da dogon rufi ba, sai muka yi abin da aljihu ya iya. Muka matsar da ginin nesa da itacen, muka sauko da tagogi daidai ƙirjin yaro, muka jera bulo mai huda tsakanin bango da kwano. Ƙasan bangon waje muka shafa masa baƙin fenti, kowa ya yi zanensa da alli ba mai tsawata masa.

Abin da na fi so shi ne dakalin. Hawa biyu ne, ya zagaye dogonyaron, tsayinsa daidai gwiwa. Tun siminti bai bushe ba na sa aka danna gurabun dara a gefe guda. Mun yi kuskure ɗaya, mun bar bakinsa da kaifi, sati bai cika ba ya yanke wa wani yaro ƙauri, uwarsa ta zo ta wanke ni tas. Birkila ya dawo ya dadashe shi.

Yanzu da an tashi karatu yara ba sa watsewa. Maza na langa a fili, 'yan mata na carafke a hawa na biyu, mata masu jiran ɗaukar ƙanana sun sami wurin zama, da azumi nan ake gwajin tashe. Alhaji ma yakan zo bayan la'asar ya zauna gefen dara, yana ƙorafin surutu, ya kuma hana kowa zama a gurbinsa.