Ranar da 'yan kallo suka yi tafi a kan gawar Hemon

Har yau in na tuna tafin nan sai raina ya ɓaci. Wata uku muka yi da ɗalibaina muna gwajin wasan kwaikwayon Antigoni na Safokilis, marubucin tsohuwar Girka. Ranar nunawa, sarki Kiriyon ya hau dandamali rungume da gawar ɗansa Hemon yana kuka, sai zauren ya kaure da tafi. Wata daga kujerun baya har da cewa, "Maganinka ke nan!"

Laifina ne, ba na yaron da ya fito a Kiriyon ba. Ni na sa shi ya riƙa zare ido yana daka tsawa tun fitowarsa ta farko. A ganina labarin a fili yake: Antigoni, yarinya mai gaskiya, ta binne ɗan'uwanta, azzalumin sarki ya sa an rufe ta a kogo da ranta.

Abin da ya fi ci mini rai, na karanta littafin Aristotal, masanin falsafar Girka, kan fasahar waƙa, har na ja layi a babi na 13. A can ya ce faɗuwar mugu tsantsa ba ta jawo tausayi ko tsoro. Wanda masifarsa ta fi laifinsa ake tausayawa, wanda ya yi kama da mu kuma shi ke sa gabanmu ya faɗi. Ni kuwa na ƙera dodo da hannuna, na zauna ina jiran mutane su zubar masa da hawaye.

Hegel, Bajamushe masanin falsafa, shi ne ya ƙarasa buɗe mini ido. A laccocinsa kan falsafar kyau, waɗanda aka fara bugawa a 1835 bayan rasuwarsa, ya ɗauki wasan a matsayin karon gaskiya biyu: hakkin jini a hannun Antigoni, dokar gari a hannun Kiriyon, kowa ya rufe ido ga na ɗaya. Gawar da Kiriyon ya hana a binne ta Polinaisis ce, ɗan'uwan Antigoni, wanda ya kwaso mayaƙa ya afka wa garinsu Tibis. Wannan na bari ya wuce a layi guda, yaron yana faɗa cikin hargowa.

In za ka shirya wasan nan, zauna da mai fitowa a Kiriyon kafin kowa, kada ka bar shi ya tashi sai ya yarda da hujjar sarkin a ransa. Da muka maimaita, na hana tsawa gaba ɗaya, ya yi jawabin dokar a natse, kamar mutumin da bai runtsa ba tun daren yaƙi. Da ya shigo da gawar, ba wanda ya motsa. Ni dai ina bayan labule, kunnena na jiran tafin farko.