Alhamdulillah, an cire wa Baba na'urar numfashi

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillah Baba ya sauka daga na'urar numfashi, yanzu da kansa yake ja yake saki, har an fito da shi daga sashen kulawa ta musamman. Duk wanda ya kira, ya turo saƙo, ya sa mu a addu'a a ɓoye ko a fili, ba mu da bakin godiya sai dai Allah ya saka da alheri.

Amma wallahi godiyata ta musamman ta likitar da ta riƙe shi ce ita da nas-nas ɗinta, don kullum tambayarmu ɗaya ce, likita yaushe za a cire bututun numfashin nan da ke maƙogwaronsa? ita kuwa ba ta taɓa yanka mana rana don ta faranta mana ba, sai ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. Kowace safiya suna rage maganin barci su ga ko zai farka ya gane magana, a ce matse hannuna ya matse, su duba ko nimoniyar da ta kawo shi ta lafa, ko oksijin ɗin da injin ke ba shi ya sauko kashi 40 cikin 100 ko ƙasa, ko awon jininsa ya tsaya daidai ba sai da magani ba, sannan akwai wani lissafi da wasu likitoci biyu, Yang da Tobin, suka fitar tun 1991, a raba yawan numfashi a minti ɗaya da litar iskar da yake shaƙa a kowane ja, in ya haura 105 to haki ne kawai yake sama-sama, zai gaji. Sai duk wannan ya yi kyau ake barinsa ya gwada da kansa, minti 30 har zuwa 120, bututun na nan a maƙogwaro.

Gwajin farko Baba bai wuce ba, gumi, zuciya na gudu, aka mayar da shi kan injin. Ranar Mama ta yi kuka sosai. Likitar ta ce Mama ki yi haƙuri, in muka yi gaggawa ya kasa dole a sake zura bututun kuma wannan ya fi haɗari, in kuma muka bar shi ya daɗe tsokar numfashi tana sanyi, ƙwayoyin cuta su samu hanyar shiga huhu, tsakanin biyun nan muke neman lokaci. Har ƙarfin tarinsa sai da suka auna, ko zai iya fitar da majina da kansa, don lissafi kaɗai ba ya ba da tabbas.

Nas ɗin dare da ke juya shi tana zuƙe masa majina ba ƙyama, da mai gashin ƙashi da ya riƙa motsa masa ƙirji da gaɓoɓi, Allah ya biya ku, ya jiƙan iyayenku.

Masu son zuwa dubiya dan Allah a ɗan saurara tukuna, muryarsa a dishe take saboda bututun kuma yana saurin gajiya. A ci gaba da addu'a, har da waɗanda muka baro a kan injin da 'yan uwansu da ke zaune a bakin ƙofa, Allah ya ba su lafiya.