Hannun hagun Mary Lou Williams

Mu masu kaɗa fiyano a situdiyo mun saba na'ura ta riƙe mana kiɗa, hannun dama ya bi amshi, na hagu kuwa ya dafa maɓallai uku ya huta. Da na ɗaura niyyar koyon salon Mary Lou Williams, Ba'amurkiya mai kaɗa fiyanon jazz, da kunne, a kan hannun hagun nan duk wahalar ta sauka.

Na fara da faya-fayan da ta yi da ƙungiyar Andy Kirk ta Kansas City a shekarun 1930, lokacin da ita ce mai fiyanonsu kuma mai tsara musu kiɗa. A nan hagu shi ne ganga. Ya sauka ƙasa ya buga, ya yi tsalle zuwa tsakiya ya kama haɗin sautuka, ya koma, ba tsayawa. Sai na kashe kiɗan na'ura, na rage gudun faifan, na ajiye hannun dama a cinya. Ban bar shi ya shigo ba sai da hagu ya iya tafiyarsa ina hira da mutane. Ita kam tun tana ƙaramar yarinya a Pittsburgh take kiɗa a wuraren biki tana kawo kuɗin cefane, ina ni ina kamo ta?

Ina ganin na fara gane ta, sai na kunna Zodiac Suite na 1945, kiɗa 12, kowane buruji da nasa. Wallahi kamar wata ce daban. Tsallen ya ragu, sautukan sun yi kauri, wasu har karo suke da juna da gangan. Sai da na riƙa tsinto su ɗaya-ɗaya daga na ƙasa zuwa na sama. A nan na fahimci abin da ke kai manyan makaɗan jazz irin su Thelonious Monk da Bud Powell da Dizzy Gillespie gidanta a Harlem da daddare.

Ta ajiye kiɗa a Paris a 1954, ta rungumi ɗarikar Katolika, ta dawo dandali a 1957. Daga 1977 ta koyar a Jami'ar Duke har mutuwarta a 1981. Kiɗan da ta yi bayan dawowar nan ya fi ba ni wuya, domin takan bar fili tsakanin bugu da bugu, yatsuna kuma kullum so suke su cike shi.