Yadda Na Je Gwanja A Kan Keke Daga Jega

Tun ina yaro Inna take ba mu labarin kakanta, wai bafatake ne, yana bin ayari daga nan Jega da jakai ɗauke da kanwa da tufafi har Gwanja, wato yankin Salaga a arewacin Gana ta yau, su dawo da goro, tafiyar da ke cin watanni. Ni dai abin ya zauna min a rai. A Disambar 2022, bayan an sake buɗe bodar Kamba a watan Afrilun shekarar, na ce bari in gwada bin sawunshi amma a kan keke. Da na faɗa wa Inna sai ta dube ni ta ce "kai ɗan nan, shi don neman abinci ya tafi, kai me ka ɓatar a can?" Ban da amsa wallahi, na dai roƙi addu'a.

Kekena ɗan kwatano ne mai giya, ba wani na kirki ba. Mu biyu munka tashi, ni da wani abokina mai gyaran waya. Kuskuren farko tun a gida na yi shi, na labta wa kariyar keken kaya kamar mai ƙaura, garin kwaki mudu biyu da suga da ƙuli-ƙuli, bargo, risho, tukunya, har da takalmin zuwa masallacin Juma'a, duk ina ganin dabara ce. Munka bi Kalgo, Bunza, munka kwana Kamba a rana ta biyu, washegari Gaya ta Nijar, sannan gadar Kwara zuwa Malanbil ta Benin. Wato kafin azahar mun taka ƙasa uku. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 anka rufe wannan gada, mu dai mun ci sa'a. Fasfo da katin allurar shawara su ne anka fi tambaya, kar ka yi wasa da wannan yalon katin. A wani shinge wani jami'i ya riƙe mu fiye da awa ɗaya yana jujjuya fasfo, shi bai yarda akwai mai hankalin da zai yi wannan tafiya ba tare da yana safarar wani abu ba, har bututun sirdi sai da ya sa na zare ya leƙa ciki.

Tsakanin Malanbil da Kandi kayan nan sunka rama min. Tayar baya ta fara wani ƙas-ƙas, ina dubawa sifok uku sun tsinke, taya ta karkace tana gogar birki, ga rana tsaka, ga ruwanmu saura rabin gora. Na tura keke wajen kilomita shida zuwa wani ƙauye. Mai facin da munka samu Dandanci yake ji amma yana da 'yar Hausarshi, ya ɗaga bayan keken ya ajiye, ya ce "wannan jaki ne ko keke?" Ya zaro sifok daga wata tsohuwar taya, ya juya keken ƙafa sama, yana murɗawa yana kaɗa tayar yana kallon inda take lilo da ido ɗaya a rufe, har ta miƙe sak. A nan na bar risho da tukunya da rabin garin, matarshi ta yi ta godiya, ni kuwa ni ya kamata in gode.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne ba ƙafa ke fara gajiya ba, mazaunai ne, ku yi haƙuri da maganar. Rana ta huɗu na kasa zama a sirdi, sai man kaɗanya da wanke wando kullum da dare sunka cece ni. Sai munka canza tsari, da an sallame asuba mu hau, ƙarfe 11 mu nemi inuwa, sai bayan la'asar mu ƙara kaɗan, kuma magariba ba ta riskar mu a daji, don arewacin Benin ɗin ma lokacin ana maganar 'yan bindiga ta wajen gandun dajin W. Iskar hunturu kuwa ta yi mana rana, daga arewa maso gabas take busowa mu kuma kudu maso yamma munka nufa, wani lokaci sai ka ji kamar wani ke tura ka. Abin tsoron shi ne tirelolin auduga, lokacin ɗibarta ne, duk gefen titi fari fat kamar an yi shanya, in ka ji hon ka sauka daga kwalta kawai, ba a jayayya.

Daga Faraku munka karkata yamma zuwa Jugu, kuma a Jugu ne tafiyar ta canza min ma'ana. Ni fa na fito ina ganin kaina wani gwarzo. Bayan isha'i a wani masallaci wani dattijo ya ji muna Hausa ya ce "samari daga ina?" Na ce "Baba daga Jega, Salaga za mu." Ko gezau bai yi ba, ya ce ai hanya ce, nan zango ne tun da, kakanshi ma daga ƙasar Hausa ya zo da ayari ya yi aure ya zauna. Ya lissafo min madugu da jagaba da uban dawaki da aikin kowa, ya ce su ba ramin titi suke tsoro ba, 'yan fashin Bargu da kuɗin fito a kowane gari. Ya sa anka kawo mana tuwo da wagashi, cukun Fulani soyayye, munka kwana a zaurenshi. Daga ranar na daina ɗaukar kaina hoto a kowane allon sunan gari.

Togo ba ta da faɗi, amma tuddan wajen Kara sun sa na sauka na tura ba kunya. Agogo ma sai ka mayar da shi baya da awa ɗaya. Munka bi Basar munka shiga Gana ta Tatale, sefa ta ƙare aiki sai sidi, kuma mai canjin bakin boda ya ɗan yanke mu don ban tambayi farashi ba tun a gari. Zabzugu, kogin Oti, Yandi, Bimbila. Wani wuri jar ƙasa mai gargada har hannu ya mutu. Amma yunwa ba mu yi ta ba, da safe koko da ƙosai, da rana waakye wanda wake da shinkafarmu ce sunka gajarce sunan, da dare tuwo zafi, haka suke kiranshi da Hausa ɓaro-ɓaro.

Rana ta 16 munka shiga Salaga, wayata ta nuna kusan kilomita 1,000. Gari ne shiru-shiru, ba ka ce nan ne kasuwar da ta tara fatake daga Kano da Borno ba, yaƙin basasar 1892 ne ya watsa 'yan kasuwar. Anka kai mu wurin tsoffin rijiyoyi da inda aka yi kasuwar bayi, jikina ya yi sanyi, don Inna ba ta taɓa sa wannan ɓangaren a labarinta ba, kuma ayarin da ya ɗauko goro bai rasa alaƙa da wannan wurin. Goron ma ashe ba a nan yake fita ba, daga kurmin Asante ake kawo shi.

Dawowa dai mota munka hau, kekuna a sama, ba mai iya fuskantar iskar nan. Na kawo wa Inna goro ƙwarya ɗaya a cikin ganye, ina yayyafa mishi ruwa a hanya. Ta ɓare ɗaya ta ɗan ciza, ta tauna, ta ce na kasuwar Jega ya fi shi, sannan ta ƙulle sauran a bakin zane ta hana kowa.