Dino Crisis: wasan da ƙofa ba ta cetonka

Duk wanda ya buga Resident Evil na farko da na biyu ya san wata ƙa'ida da ba a rubuta ta a ko'ina ba: in abu ya biyo ka, nemi ƙofa. Kana taɓa ta allo zai yi baƙi, ta buɗe a hankali, shi ke nan ka sha. Gawarwakin nan masu jan ƙafa can za ka baro su suna gurnani. To Dino Crisis wannan ƙa'idar ya fara yagawa. Ka ruga, ka shige wani ɗaki, ka sauke ajiyar zuciya, sai ka ji ƙarar farce a bayanka. Abin ya biyo ka.

Kamfanin Capcom na Japan ne ya fitar da shi a watan Yulin 1999 a kan PlayStation na farko, kuma Shinji Mikami ne ya jagoranci aikin, wato mutumin da ya yi Resident Evil a 1996. Shi ya sa da yawa suka ɗauka tsohon wasan ne aka cire gawarwaki aka zuba dainoso, dabbobin nan masu kama da ƙadangaru da suka ƙare shekaru miliyoyi da suka wuce. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, don tafiyar iri ɗaya ce, neman makullai da tattalin harsashi ma haka. Amma tsoron ba iri ɗaya ba ne. Gawa takan ba ka lokacin tunani. Dainoso ya fi ka gudu, ya fi ka ƙarfi, kuma ba ya zuwa ta inda kake tsammani.

Ni a shagon gem na unguwarmu a Kano na fara ganinsa, ya riga ya kwana biyu da fitowa. Faifan na can ƙasan kwali ba mai taɓa shi, don kowa ƙwallo yake zuwa bugawa, in an gaji a koma Tekken. Mai shagon ma ba son sa yake ba, kuma ban ga laifinsa ba: wasan mutum ɗaya ne, hannu guda ke aiki ɗayan na ajiye, ga yara sun cika benci suna kallo kyauta. Sai da rana tsaka in kasuwa ta yi sanyi yake cewa, “To ɗan samari, ga dodon naka nan, amma in masu ƙwallo suka zo ka tashi.”

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. A shekarar 2009 ta cikin wasan, an tura ƴan leƙen asiri huɗu tsibirin Ibis su kamo Dakta Edward Kirk, masanin da aka ɗauka ya mutu shekara uku kafin nan, ashe yana can yana gwaji a kan wani makamashi da ake kira Third Energy. Gwajin ne ya kubce ya yamutsa zamani, dabbobin dā suka faɗo cikin ginin. Huɗu suka diro da lema cikin dare, amma tun kafin a ba ka hannu T. rex, ƙaton dainoson nan mai cin nama, ya haɗiye ɗayansu, Cooper, sauran ba su ma san abin da ya same shi ba. Saura Gail, shugaban tawaga mai ɗaure fuska, da Rick gwanin kwamfuta, sai Regina mai jan gashi, wadda ita kake tuƙawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda wasan yake nuna maka rauninka ba tare da ya faɗa ba. Ba wani ma'aunin lafiya a gefen allo. Jikin Regina za ka duba: in ta dafe gefen cikinta ka san ta ji jiki, in ta fara ɗingishi to saura ƙiris. In farce ya tsaga ta, jini zai riƙa ɗiga a ƙasa duk inda ta bi, ƙarfinta na raguwa, sai ka sami maganin tsayar da jini. Raptor kuma, wato Velociraptor, dainoso mai gudu da kaifin farce, yana iya make ta bindigar ta faɗi can gefe, ka koma kana zagaye ɗaki hannu rabbana kana neman yadda za ka sunkuya ka ɗauka. In ya danne ta sai allo ya nuna alamar haɗari, ka shiga dannan maɓallai ba ji ba gani. A nan ne mai shago yake ɗago kai ya ce, “Kai, a hankali da hannun nan, ba a kyauta na samo shi ba.”

Kashe su ba riba. Raptor ɗaya zai cinye maka harsashin da ka daɗe kana tarawa, don haka dabara ta fi ƙarfi amfani. Akwai kiban sa barci da ake harbawa, kana iya haɗa su da wasu sinadarai su ƙara ƙarfi, har a kai ga mai dafi da ke kashewa nan take. Sai dai wanda ka sa barci zai farka, kuma sau da yawa ta wannan hanyar za ka dawo. Akwai shingayen hasken leza a wasu lunguna da kake kunnawa ka raba kanka da dabbar, kana kallonta tana kai gwauro tana kai mari a ɗaya ɓangaren. Kayan agaji kuma suna cikin akwatunan bango da ba sa buɗuwa sai da wasu ƴan makullai da ba su da yawa, dole ka zaɓi wanda za ka buɗe ka haƙura da wani.

Sai T. rex. Akwai wani ofis a hawa na biyu mai faffaɗar taga. Kana cikin bincike, sai gilashin ya tarwatse, kan dabbar ya cika rabin ɗakin yana kai cizo. Yaran da ke kan benci har da masu komawa bakin ƙofa. Wani dalilin da ya sa irin wannan ke kama jiki shi ne ba a zana ɗakunan a matsayin hoto tsayayye kamar na Resident Evil ba. Na'urar ce ke gina su nan take, saboda haka kyamara tana iya bin Regina, ta juya, ta leƙo daga sama kamar idon wani abu da ke faƙonta. Kuɗin da aka biya kan haka shi ne ginin ya fito fayau, bango ruwan toka, lungu kamar lungu.

Nan ne ma nake da ƙorafi. Rabin ƙarshe na wasan ya cika wasa ƙwaƙwalwa: haɗa bututu, tura kwantena da ƙugiya, sauya katin shaida. Ga ƙofofin DDK masu buƙatar faifai biyu, ka cire haruffan ɗaya daga na ɗaya ka fitar da kalmar sirri. Ta farko HEAD ce, mai sauƙi, amma can gaba ƙa'idar takan sauya, kuma bayanin yana cikin takardun Turanci da ke warwatse a ɗakuna. Mu da Turancinmu bai nuna ba a lokacin, wani yayan abokinmu da ke sakandare muke jira. Nau'in dabbobin ma kaɗan ne, biyar kacal, don haka raptor ne za ka yi ta gani har sai ka sauka ƙasan ginin ka haɗu da Therizinosaurus mai zaƙo-zaƙon farata. Shi wannan, masana sun fi karkata ga cewa ganye yake ci. Velociraptor na gaskiya kuwa, wanda aka tono ƙasusuwansa a Mongoliya, bai wuce girman talo-talo ba, kuma gashin tsuntsu gare shi. Ban damu ba. Da sun bi gaskiya da ba wanda zai tsorata.

Wani abin da ke tada musu a shagon shi ne wuraren da ake ce maka ka zaɓi shawarar Gail ko ta Rick. Gail kullum hanyar faɗa yake so, aiki ne a gabansa ko da wani zai mutu. Rick kuwa lallaɓawa da ceton rai. Yara Gail suke so don a ga harbi, ni kuwa Rick nake bi, saboda tsoro ba don tausayi ba. Zaɓin ƙarshe ne ke raba wasan zuwa ƙarshe iri uku, a ɗaya Gail ba ya fita da rai.

Wasan ya sayu, kwafi miliyan 2.4 a PlayStation, aka kai shi Dreamcast da kwamfuta a 2000. A shekarar ne Dino Crisis 2 ya fito a hannun Shu Takumi, wanda daga baya ya yi suna da Ace Attorney. Wasa ne mai daɗi, ba zan ɓoye ba, amma an juya lissafin: kai ne mafarauci, kana karkashe dainoso ana ba ka maki kana sayen manyan makamai. Tsoro ya tafi. Na uku kuwa, na 2003 a kan Xbox, cikin jirgin sama jannati aka kai shi a shekara ta 2548, babu Regina, daga nan jerin ya kwanta. Capcom ya sabunta Resident Evil 2 a 2019, na uku a 2020, na huɗu a 2023, a shekarar kuma ya fitar da Exoprimal mai ruwan dainoso daga sama, wanda ba shi masoya suke roƙo ba.

Ga mai son gwadawa, tun Janairun 2025 na farko da na biyu suna GOG, shagon sayar da wasanni na intanet, don kwamfuta. Tafiyar Regina za ta ba ka haushi da farko, don sai ta juya kafin ta taka, amma akwai maɓallin waiwaye nan take, ka koye shi tun a ɗakin farko. Kada ka kashe makullan akwatunan nan a hawa na ɗaya, za ka neme su a ƙasa. Kuma ka ajiye biro da takarda kusa, lambobin da ake warwatsawa a takardun nan sun fi ƙarfin a riƙe da ka.