Wata shida ina aiki da FreeBSD a shagona na Yelwa

Ɗan shagon buga takardu nake da shi a Yelwa, kusa da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, kuma ɗaukewar wuta ce ta kai ni ga FreeBSD, wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Wata rana da la'asar aka ɗauke ta ina tsakiyar gyara furojet ɗin wata ɗaliba. Muka tada janareta, kwamfuta ta ƙi tashi, rumbun ajiyarta ya hargitse. Babi uku suka salwanta. Yarinyar ba ta ce da ni uffan ba, hawaye kawai ta share ta fita. Har yau abin na ci mini rai.

Wani abokina da ke kula da saba a wurin aikinsu ne ya nuna mini FreeBSD, amma sai da ya ja kunnena. Ya ce ƙarfinta yana wajen saba, kwamfutocin nan da ke wuni su kwana suna aiki ba mai zama gabansu. Netflix ma da ita yake aika wa mutane finafinai. Tushenta wata tsohuwar manhaja ce, BSD ta Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, tun 1993 take, kuma kyauta ce.

Da na gama ɗora ta, baƙin allo ne ya tarbe ni, sai 'yan rubutu. Yaron shagona ya leƙo ya ce, "Oga, wannan ma ta mutu ne?" Duk abin da ido ya saba gani sai da na ɗauko shi da pkg, umarnin da ake ɗora manhajoji da shi: Xorg da XFCE masu kawo tagogi da gumaka a allo, drm-kmod don allo ya nuna daidai, sannan Firefox da LibreOffice, madadin Word da su Excel. 'Yar na'urar Wi-Fi ɗina kuwa ko kallonta ba ta yi ba, dole na jona wayata da kebul na ja data. Firinta ta ci mini kwana biyu a kan CUPS, manhajar da ke kula da bugu. Littafin jagorarsu, Handbook, shi ya fid da ni.

Abin da ya zaunar da ni shi ne ZFS, tsarin da ke jera fayiloli a rumbun ajiya. Ba ya rubuta sabon bayani a kan tsoho. Wani wuri yake ajiye sabon, sai ya kammala sannan ya mai da hankali kansa. Don haka in wuta ta yanke ana cikin rubutu, rumbun yana nan lafiya kamar yadda yake 'yan daƙiƙu kafin nan. Abin da ba ka adana ba dai ya tafi, wannan babu makawa. Na kuma saita cron, mai gudanar da aiki a kan lokaci, ya riƙa ɗaukar hoton fayiloli kowace awa, wato ya adana su yadda suke a wannan lokacin, kuma kafin kowane sabuntawa nakan ajiye madogara ta tsarin da umarnin bectl, in abu ya ɓaci in koma baya.

Ba komai ya yi mini daɗi ba. Fayilolin Word na ɗalibai sukan goce a LibreOffice, tebur ya tsallake shafi, ga malamai ba sa wasa da tsarin furojet. Shi ya sa na bar kwamfuta ɗaya a kan Windows don bugun ƙarshe, ajiya da gyara kuma duk suna kan FreeBSD.

Makon jiya yaron ya adana babi na biyu na wani ɗalibi a kan na huɗu, ya zo jiki na rawa. Na buɗe hoton ƙarfe sha ɗaya na safe, na kwafo babin, ɗalibin yana zaune a benci yana danna waya bai ma san an yi ba.